Katifa mai sifirin, ba tauri can ba laushi can: wacce za ta karɓi irin kwanciyarka?

Wata Asabar na raka yayata wani shagon katifu a kan titin Ahmadu Bello a Jos, nan kusa da Taminus, za ta sayi ta kayan ɗakin 'yarta. Tun kafin ta zauna ta jefa tambayar da kowa yake fara jefawa: "Inci nawa ce wannan?" Yaron shagon ya daki gefen katifar da tafin hannu, ya ce, "Hajiya, sha huɗu ce. In aka ɗora ta a gado sai amarya ta nemi abin takawa." Yaya ta danna sau biyu, ta gyaɗa kai, aka shiga ciniki. Ba wanda ya tambayi yadda yarinyar take kwanciya, balle angon da ko nauyinsa ba mu sani ba. Da na ce, "Yaya, da kin bari mun ji abin da ke cikinta," sai ta harare ni, ta ce, "Kai dai da iyayi. Dangin miji tsayi za su duba."

Ban ja ba, don ni ma haka na yi shekarun baya. Na sayi wata mai inci 12, kyakkyawa, mai ɗinkin furanni. Shekara ɗaya da rabi ta yi kwari a tsakiya, ni da maiɗakina kullum sai mu gangaro mu haɗu a ramin kamar ruwan indararo. Ranar da na farke gefenta na leƙa, sai ga sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar ƙarfen da ke ciki, siriri gajere, an cike sama da ƙasa da soso mara nauyi don dai ta yi tsayi. Tun daga nan na daina tambayar inci, na koma tambayar ciki.

Wannan bayani na wanda ya riga ya yanke cewa mai sifirin yake so, kuma matsakaiciya a tauri, amma ya rasa wacce zai ɗauka cikin waɗanda aka jingina masa a bango.

Me ake nufi da matsakaicin tauri?

Mun taso da jin cewa maganin ciwon baya shi ne kwana a kan abu mai tauri, har wasu kan sauka ƙasa su shimfiɗa tabarma. A 2003 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga wani bincike da aka yi a Sifen ƙarƙashin Dokta Francisco Kovacs. Mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya aka raba wa katifu, wasu masu tauri, wasu matsakaita, ba tare da an gaya musu wacce suka samu ba. Bayan kwana 90, waɗanda suka kwana a kan matsakaiciya sun fi samun sauƙi, a kwance da kuma lokacin tashi. Shi ya sa yanzu kowane mai shago yake cewa tasa "midiyam" ce.

Matsalar ita ce kalmar ba mudu ba ce da kowa ya yarda da shi. Ma'aunin Turai da aka yi amfani da shi a wancan bincike, 1 ce mafi tauri, 10 mafi laushi, matsakaiciyar kuma ta faɗa a 5.6. 'Yan kasuwar Amurka kuwa a juye suke ƙirga nasu, 10 ce mafi tauri, matsakaiciya tana wajen 6 zuwa 7. Don haka lambar da ke jikin takardar katifar waje ba ta gaya maka komai sai ka san wane ƙirge aka bi. Jikinka ne ma'auni, kuma abin da ake nema ɗaya ne: in ka kwanta yadda ka saba, ƙashin bayanka ya zauna yadda yake in kana tsaye, kada ya lanƙwashe sama ko ƙasa.

Abubuwan da za a auna

Na farko, kuma wanda ya fi kowanne, irin kwanciyarka. Yawancinmu da ɓarin dama muke farawa kamar yadda sunna ta koyar, amma abin dubawa shi ne yadda kake farkawa da asuba. In ba ka sani ba, tambayi wadda kuke kwana tare, za ta gaya maka har da munsharin da ba ka tambaya ba.

Mai kwanciyar gefe nauyinsa duka yana kan wuri biyu, kafaɗa da kwatangwalo. Dole waɗannan su ɗan nutse, ƙugu kuma ya sami abin da zai tokare shi. In katifa ta yi masa tauri, zai tashi da hannu a mace, kafaɗa a ƙage, ya yi ta juyi cikin dare bai san dalili ba. Shi ne ya fi kowa bukatar soso mai kyau a saman sifirin, inci 2 zuwa 3.

Mai rigingine shi ne ɗan gatan matsakaiciyar katifa, kusan duk wadda aka yi da gaskiya za ta karɓe shi. Abin da zai kiyaye kawai kada ɗuwawu ya nutse ya fi kafaɗu, kada kuma a bar rami a ƙarƙashin ƙugu.

Mai rub da ciki kuwa, malamai ba sa son kwanciyar, likitoci ma ba sa sonta saboda murɗewar wuya, amma akwai masu yi, kuma faɗa ba ya sauya abin da jiki yake yi cikin barci. Shi in cikinsa da ƙugunsa suka nutse, bayansa zai banƙare kamar baka. Yana bukatar ɓangaren da ya fi tauri cikin matsakaita, sama mara kauri, da matashi siriri ko ma babu.

Sai mai birgima, wanda yake zaga gado kafin gari ya waye. Abin da yake so katifar da take maido da shi, ba wadda take riƙe shi a rami ba. A nan sifirin ya fi soso nesa ba kusa ba.

Na biyu nauyi. Katifa ɗaya ce, amma wanda bai kai kilo 60 ba zai ji ta da tauri, wanda ya haura kilo 100 ya ji ta da laushi. Shawarar abokinka ba ta da amfani in ba girmanku ɗaya ba.

Na uku abin da ke ciki, kuma kashi huɗu ne. Akwai kaurin waya. Masu yin katifa suna ƙirga shi daga 12 zuwa 15, kuma a juye yake: ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri da tauri. Wasu kuma da milimita suke rubutawa, wajen 1.8 zuwa 2.4, a nan babbar lamba ce mai kauri. Akwai yawan sifirin, wanda 'yan talla suka fi kururutawa, alhali dubu na siririyar waya ba lallai su fi ɗari biyar na mai kauri ƙarko ba. Akwai sosan da ke sama, wanda a ganina shi ne yake fara mutuwa a yawancin katifun da ake cewa "sifirin ya lalace". Soso ana gane ingancinsa da nauyi, kilo nawa ne dunƙule mai mita ɗaya a tsayi da faɗi da zurfi, abin da masu shago suke kira dansiti. Soso mara nauyi da wuri yake lotsewa ko da ranar saye ya yi tauri kamar katako, don tauri daban, nauyi daban. Sai gefen katifa.

Bari in tsaya kan gefen nan, don masu rubutun waje ba su san yadda muke amfani da gado ba. A gidajenmu bakin gado kujera ne. Ƙawayen amarya a nan suke jeruwa, mai jego a nan take shayarwa, maigida a nan yake zama ya sa safa da sanyin asuba, tsohuwa in ta zo duba jika a nan za a ce ta zauna. Katifar da ba a ƙarfafa gefenta da sandar waya mai kauri ko bangon soso mai tauri ba, bakinta zai zube kafin tsakiyarta ta gaji. Zauna a baki a cikin shagon. In ka ji kana zamewa ƙasa, bar ta ko da me aka yabe ta.

Na huɗu yanayin garinmu. Jos tana kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200, kuma wanda ya kwana a Rikkos ko Bukuru a Disamba da Janairu ba sai an yi masa bayanin sanyi ba. Sosan nan mai bin siffar jiki, wanda in ka danna yake jinkirin dawowa, zafi ne yake tausasa shi, sanyi kuma ya ƙandarar da shi. Katifar da ka gwada da rana a watan Maris ba haka za ka same ta da daren hunturu ba, sai jikinka ya ɗumama ta tukuna. Damina kuma doguwa ce a nan, Yuli da Agusta ɗaki kan yi danshi, danshi kuwa abokin gabar waya ne, tsatsa yake jawowa. Wanda zai kai katifar Abuja, lissafinsa a juye yake: zafin Maris da Afrilu ne damuwarsa, kuma a nan sifirin yana da riba, don cikinsa fili ne iska tana ratsawa.

Na ƙarshe kuɗi da ɗawainiya. Sinadaran da ake dafa soso da su daga waje ake shigo da su, shi ya sa tun da aka sakar wa kasuwa darajar Naira a Yunin 2023 farashin katifa yake bin dala sau da ƙafa. Abin da ba ya sauyawa shi ne jerin tsadar, wacce ta fi wacce, kuma shi zan bi.

Bonnell, tsohon hannu

Ita ce mafi yawa cikin masu sifirin a shagunanmu. In an ce maka "mai sifirin ce" ba a ƙara komai ba, to kusan ita ce. Kowane sifirin siffar kalangu gare shi, faɗi sama da ƙasa, tsuke a tsakiya, an ɗinke su duka da wata murɗaɗɗiyar waya suka zama raga ɗaya.

Ita ce mafi araha cikin masu sifirin. Tana da tsalle, tana da iska, kuma da yake wayarta kan yi kauri tana ɗaukar nauyi. Mai rigingine da mai rub da ciki za su ji daɗinta. Da yawa ana yin ta mai fuska biyu, ka kifa ta ka kwana a ɗaya gefen, wannan kuwa ƙarin shekaru ne.

Aibinta daga ɗinkin nan ya fito. Da yake raga ɗaya ce, in ka danna nan sai can ya amsa. Maigida ya tashi sallar dare, uwargida ta farka. Yaro ya hau ta ƙafa, kowa ya girgiza. Kuma ba ta san kafaɗa daban ƙugu daban ba, gaba ɗaya take lotsawa, don haka mai kwanciyar gefe, musamman mara jiki, zai ji tana tokarinsa sai in sosan sama ya yi kauri. In ta tsufa takan fara ƙara, waya tana gogar waya, kuma wanda ya zauna a gidan haya mai siririn bango ya san wannan ba ƙaramin abin kunya ba ne. Tsakiyarta ce take fara yin kwari.

Akwai 'yan uwanta biyu da ba kasafai za ka ji sunansu a bakin mai shago ba. Ɗaya an daddaɓe kan sifirin ɗin ya zama mai kusurwa don ya riƙa lanƙwasa kamar ƙyauren ƙofa, ta fi Bonnell bin jiki da rashin ƙara, ta ɗan fi ta tsada. Ɗayar kuma waya guda ce doguwa aka yi ta murɗawa ta zama layi sukutum. Tana da ƙarfi da araha, amma wajen kai motsi ba ta fi Bonnell ba. In ka ci karo da ta farkon a farashi mai kyau, ɗauka.

Mai aljihu

Kowane sifirin an saka shi cikin 'yar jakar yadi shi kaɗai, aka manne jakunkunan, waya ba ta taɓa waya. Ba sabon abu ba ne, wani James Marshall ne ya yi rajistar dabarar a Kanada tun 1900, mu ne dai ta iso mana a makare.

Ribarta a fili take. Kafaɗa ta danna nata sifirin, ƙugu ya danna nasa, na tsakani su tsaya su tokare. Wannan shi ne ainihin abin da mai kwanciyar gefe yake nema. Motsi ba ya tafiya nesa, ƙara babu. Ma'auratan da nauyinsu ya yi nisa da juna, shi ƙato ita 'yar firit, ba za ta riƙa gangarowa wajensa ba. Wasu ma an raba su shiyya-shiyya, an sa waya mai ɗan kauri a daidai ƙugu, mai laushi a daidai kafaɗa. Shiyyar nan tana da amfani in tsayinka ya dace da ita, in kai gajere ne sosai ko dogo sosai, sai ka kwanta ka ji ko ta faɗo inda ya kamata.

Kuɗinta ya fi na Bonnell, kuma ba da kaɗan ba. Wayarta takan fi siranta, don haka mai nauyi sosai ya tambayi kaurin waya kafin ya biya, kada ya ruɗu da yawan sifirin. Tana da nauyin ɗauka. Kuma tana da zaɓen gado: in katakan da ke ƙarƙashinta sun yi nisa da juna, jakunkunan za su riƙa zurmawa tsakani. Kada tazarar ta wuce inci 3. Kafintocinmu na kasuwar Katako sun saba jera katako biyar ko shida su ce an gama, don da katifar soso suka saba. Ka ce a ƙara, ko a shimfiɗa falankin filawud mai huji-huji don iska.

Haɗarinta babba shi ne ta jabu. Daga waje ba ka iya ganin aljihu. Gwajin da nake yi: in aje kwalbar ruwa a tsaye a gefe ɗaya, in sa gwiwa in danna ɗaya gefen da ƙarfi. In kwalbar ta faɗi, ko me aka rubuta a jiki, raga ɗaya ce.

Mai tudu a sama

Wannan ba irin sifirin ba ne, ƙari ne. Ana ɗaukar Bonnell ko mai aljihu a ɗinka mata wani tudun soso mai laushi a kai, kamar an ɗora ƙaramar katifa. Ita ce take sace zuciya a shago, ita ce kuma ake gani a manyan otal.

Ga siririn mutum mai kwanciyar gefe, ko tsoho da ƙasusuwansa suka fito, daɗinta ba a magana. Amma ni ina ɗari-ɗari da ita. Yawanci fuska ɗaya gare ta, ba a kifawa. Tudun ne yake fara lotsewa, kuma da yake a ɗinke yake, in ya mutu katifar duka ta mutu ko da sifirin yana nan garau. Tana riƙe zafi fiye da sauran, abin da ba laifi ba ne a Jos amma azaba ne a Nyanya ko Kubwa ranar da babu wuta. Mai rub da ciki ya nisance ta. Mai jego da take kwana da jariri ma haka, don jariri shimfiɗa mai tauri kuma shafaffiya ake so ya kwanta a kai, laushi haɗari ne ga numfashinsa.

Dabarar da ta fi: sayi matsakaiciya mara tudu, ka sayi shimfiɗar soso mai inci 2 daban ka ɗora. In ta gaji ka sauya ta ita kaɗai.

In kuma ka fara tunanin komawa soso zalla

Dole mai shago zai nuna maka "otofedik", don haka gara a faɗi matsayinta. Yawancin waɗanda ake sayarwa da wannan suna a nan gutsattsarin soso ne aka matse da gam suka zama dunƙule mai nauyi. Suna da ƙarko ƙwarai, ba tsatsa, ba ƙara, ba ruwansu da tsallen yara. Amma masu tauri ne, ba matsakaita ba, kuma sunan ba takardar likita ba ce. Mai nauyi da yake rigingine zai iya zama da ita lafiya. Mai kwanciyar gefe zai sha wuya. A gidan da yara suke fitsarin kwance kuwa, soso mai nauyi ya fi kowace mai sifirin hankali, don ita in ruwa ya shiga cikinta ba ya fita, ba a matsewa, sai tsatsa da wari.

| Iri | Farashi | Ƙarko | Motsin abokin kwana | Ɗawainiya | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Bonnell | Mafi sauƙi | Matsakaici, ya ƙaru in mai fuska biyu ce | Ana ji sosai | Kifawa da juyawa | Kwari a tsakiya, ƙara |
| Mai kusurwa | Sama da Bonnell kaɗan | Mai kyau | Ana ji kaɗan | Kamar Bonnell | Wuyar samu |
| Mai aljihu | Mai tsada | Mai kyau in waya da soso na kirki ne | Kusan babu | Nauyi, sai gado mai katako kusa-kusa | Jabu, siririyar waya |
| Mai tudu a sama | Mafi tsada a ajinta | Tudun ne yake fara mutuwa | Ya danganta da sifirin | Juyawa kawai, ba kifawa | Lotsewa, zafi |
| Soso mai nauyi ko otofedik | Daga matsakaici zuwa tsada | Mai kyau ƙwarai | Kaɗan | Sauƙi | Tauri ga mai kwanciyar gefe, zafi |

Ana ƙiyasta wa katifa mai sifirin ta kirki shekara 7 zuwa 10, in ana juya kai ya koma ƙafa duk bayan wata uku zuwa shida, ba a kuma aje ta a kan siminti ba.

A cikin shago

Kunya ce take sa mu asara. Mutum zai biya kuɗin da ya yi wata da watanni yana tarawa, amma ba zai iya cewa a kwantar masa da katifa ya hau ba. Danna hannu ba gwaji ba ne, hannunka bai kai nauyin ƙugunka ba. Ka ce a sauke ta ƙasa, ka cire takalmi, ka kwanta yadda ka saba na minti goma. In rigingine ne, zura tafin hannu ƙarƙashin ƙugu: ya shige salin-alin da sauran fili, ta yi tauri, ya ƙi shiga sam, ta yi laushi, ya shiga da ɗan matsi, ita ce. In gefe ne, wanda ya rako ka ya tsuguna ta bayanka ya duba ko layin daga wuya zuwa ƙugu a miƙe yake. Mace ta tafi da 'yar'uwarta ko mijinta, ta nemi a kai katifar ciki. Mai shagon da ya hana gwaji ya rage maka wahala, ga wani shagon a gaba.

Auna gadonka da tef kafin ka fito. Abin da ake kira shida-da-shida yawanci inci 75 ne a tsayi da 72 a faɗi, mai huɗu da rabi kuma 75 da 54, amma katifun waje da nasu awon suke zuwa, kafinta ma da nasa. Mai sifirin ba a datse ta da wuƙa kamar soso, ba a kuma naɗe ta. In an lanƙwasa ta a bayan Keke ko a kwanar bene, sandar gefen ta karye ko ta goce, shi ke nan. Nemi a-kori-kura, a ɗauke ta a miƙe.

Kamfanoni irin su Vitafoam, wanda aka kafa a 1962 kuma yana da masana'anta a nan Jos, da Mouka, suna da dilolinsu na hukuma. Amfanin saye a wajen dila shi ne rasit da takardar garanti, don akwai masu ɗinka rigar babban kamfani a kan tarkace. Duba tambarin MANCAP, shaidar inganci ta SON, hukumar kula da ingancin kaya, a kan ta gida. Ka tambaya a gaya maka ƙarara: lotsewa mai zurfin inci nawa garantin yake karɓa, kuma wa zai biya kuɗin mota in za a mayar? Ta gwanjo kuwa, ko kyauta aka ba ka ka yi tunani. Cikin katifa mai sifirin fili ne, kuɗin cizo in ya samu wannan masauki ba ya tashi.

Ledar da ta zo da ita, cire ta. Na san ana barinta don kada ta yi datti, amma tana tara gumi, ta hana iskar da ka biya kuɗi dominta. Sayi rigar katifa mai hana ruwa wadda ake cirewa a wanke.

To, wa zai ɗauki wacce?

In gefe kake kwana kuma ba ka da jiki sosai, mai aljihu da soso mai kyau inci 2 zuwa 3 a sama. In kuɗin bai kai ba, Bonnell da shimfiɗar soso daban, za ta kai ka.

In gefe kake kwana kuma kana da nauyi, mai aljihu mai kaurin waya, wadda aka ƙarfafa tsakiyarta. Kada laushin shago ya ja ka, wata uku zai zama rami. Ka haɗa da matashi mai tsayin da zai cike tsakanin kunne da kafaɗa, in ba haka ba za ka zargi katifa alhali laifin matashi ne.

Mai rigingine da yake kwana shi kaɗai, ɗalibi ne ko ma'aikacin da iyalinsa suke wani gari, Bonnell mai fuska biyu ta ishe shi, ƙarin kuɗin mai aljihu ba zai saya masa komai ba.

Mai rub da ciki, Bonnell mai kaurin waya ko mai kusurwa, mara tudu.

Mai birgima, kowacce cikin masu sifirin, muddin samanta ba sosan nan mai jinkirin dawowa ba ne.

Ma'aurata masu sauƙin farkawa, ko waɗanda lokacin tashinsu ya bambanta, ko nauyinsu, mai aljihu kawai, kuma shida-da-shida in ɗaki zai ɗauka. Mai juna biyu, da yake gefe ake so ta riƙa kwana in ciki ya tsufa, ita ma nan ta faɗo, da matashi tsakanin gwiwoyi.

Dattijo mai ciwon gwiwa, a duba gefe mai ƙarfi, kuma kada gado da katifa su yi tsayin da in ya zauna ƙafarsa ba ta taka ƙasa. Wanda ciwon bayansa yake sauka ƙafa, ko ƙafar take dindiris, asibiti zai fara zuwa kafin shagon katifa.

Ɗakin yara da ɗakin baƙi, soso mai nauyi.

Sai kayan ɗaki, inda ake saya wa mutum biyu da ba a san kwanciyar ɗayansu ba. Nan zan ce mai aljihu mara tudu, inci 10, mai ƙarfin gefe saboda 'yan ganin ɗaki, in ya so tsayin da ake nema a sa kafinta ya ɗaga ƙafar gado. Yaya dai sha huɗun nan ta saya. Abin da na iya shi ne na bi kafintan har Katako, na sa ya ƙara katako huɗu a ƙarƙashi, na biya daga aljihuna.